Lambar tsakiya ta buhun taki: fosfor, abincin saiwa da ƙwaya

 Darasinmu na yau rabinsa noma ne, rabinsa lissafi. Wanda ke da allo ko littafi kusa ya jawo shi, domin akwai lambobin da za mu rubuta tare.

Kowane buhun takin zamani yana ɗauke da lambobi uku a jikinsa, da ɗan layi tsakaninsu, kamar 15-15-15 ko 18-46-0. Mutane da yawa na sayen taki da launin buhu, ko da sunan da mai shago ya faɗa musu, ba su duba lambobin nan, alhali su ne ke faɗin abin da ke ciki. Lambar farko ta azot ce, harafinta N. Ta tsakiya ta fosfor ce, harafinta P. Ta ƙarshe ta fotas ce, harafinta K. Waɗannan uku su ne manyan abincin shuka, kuma suna aiki tamkar duwatsun murhu. In dutse ɗaya ya gajarta, tukunya za ta karkace kome tsawon sauran biyun. A jigawar ƙasarmu, dutsen da ya fi gajarta shi ne na tsakiya, shi ya sa munka ware mashi darasi guda.

Mine ne fosfor? Yana jikin kowane mai rai. A jikin mutum da dabba, mafi yawansa cikin ƙashi da haƙori yake. A jikin shuka kuwa, shi ke ɗaukar ƙarfin da ganye ya samo daga hasken rana ya kai shi inda ake gini, wato bakin saiwa, da fure, da ƙwaya. Saboda haka shuka na bukatarsa ƙwarai a lokaci biyu: farkon rayuwarta, sa'ad da take shimfiɗa saiwa, da kuma lokacin da take cika ƙwaya. Hatsin da ya samu fosfor tun yana ƙarami yana tashi da sauri, ya yi ɗiya da yawa a gindi, ya kafa saiwa mai zurfi kafin iskar farkon damina ta zo da yashi ta binne shi. Yana kuma nuna da wuri, kuma kowa ya san abin da kwana bakwai ko goma ke nufi a shekarar da ruwa ya ɗauke tun farkon Satumba.

Yunwar fosfor tana da wuyar ganewa, shi ya sa take daɗewa cikin gona ba a kama ta ba. Yunwar azot kowa ya san ta, ganye ya yi rawaya. Ita kuwa ta fosfor, ganyen na nan kore, wani lokaci ma ya fi duhu, amma shukar ta tsugune wuri ɗaya, karan siriri, ba ta ci gaba. A masara da dawa ana ganin tsofaffin ganyaye na ƙasa sun yi ja-ja kamar an shafa musu jan karan dafi a gefe. Manomi ya duba ya ce ƙarancin ruwa ne, ko ya ce iri ne ba shi da kyau. Ya tafi kasuwa ya sawo ure ya zuba, ya ga bai samu abin da yake so ba, ya yanke hukunci cewa takin zamani ƙarya ne. To, buhun ure ba shi da fosfor ko ƙwaya ɗaya. Ku duba jikinsa, 46-0-0 ne. Lambar tsakiya sifiri ce.

Masu binciken noma na INRAN, wadda anka kafa a 1975, da na cibiyar ICRISAT ta Sadore, kudu da Yamai, sun yi shekaru suna awon ƙasar jigawa tun shekarun 1980. Abin da sunka tarar shi ne, cikin tan guda na ƙasa, wato kilo 1,000, fosfor ɗin da saiwa ke iya sha sau da yawa bai kai giram 5 ba, alhali hatsi na son wajen giram 8 kafin ya ba da abin da ya kamata. Sun kuma tarar cewa in ba a fara gyara fosfor ba, azot ɗin da anka zuba ba ya biyan kuɗinsa. Har ruwan sama ma, gonar da ta samu fosfor ta fi cin moriyarsa, domin saiwa mai yawa tana shan ruwan kafin ya nutse ko rana ta ɗauke shi. Mun saba ɗora ma ruwa laifin kome. Gaskiya ne ruwa ke gaba, amma akwai shekarun da ruwa ya isa, rumbu kuma bai cika ba.

Yanzu ku saurara da kyau, domin nan ne gindin maganar. Ba duk takin da anka zuba ne shuka ke ci ba. Azot yana tafiya da ruwa, yana nutsewa ƙasa, in kuma anka bar ure a fili ba a rufe ba, wani kashi nasa ya bi iska. Fosfor halinsa daban ne, shi ba ya tafiya. Inda ya faɗi nan yake zama, abin da yake matsawa cikin damina guda bai wuce faɗin yatsa ɗaya ko biyu ba. Dole saiwa ce za ta je ta same shi. Bayan haka ƙasa na riƙe shi. A jar ƙasa mai tsami, ƙarfe da sanholon da ke cikinta ke kama shi, a ƙasa mai farar ƙasa kuwa allin ne ke kama shi. Shi ya sa cikin kowane kilo 10 na fosfor da anka watsa, abin da shuka ke ci a shekarar farko bai cika wuce kilo 1 zuwa 2 da rabi ba. Sauran bai ɓace ba, yana nan cikin gonar, yana sakin kansa kaɗan-kaɗan a shekarun da ke biye. Wanda ya yi aron gona na shekara guda ya san da wannan, wanda ya ba da aro ma ya sani.

Akwai abin farin ciki guda a nan. Yashin jigawarmu ba ya riƙe fosfor da ƙarfi irin na jar laka ta ƙasashen kudu masu ruwa da yawa. Ɗan kaɗan da anka sa, in an sa shi wurin da ya dace, yana nuna kansa. Daga nan ne dabarar da malaman gona ke kira mikrodoz ta fito, wato ɗan taki kaɗan cikin ramin shuka maimakon watsawa ko'ina. An gwada ta a Sadore da gonakin manoma a shekarun 1990, tare da masana irin su Andre Bationo na Burkina Faso, sannan aikin kayan noma na FAO da ya fara a 1999 ya yaɗa ta cikin karkara tare da shagunan taki na ƙungiyoyin manoma.

Ga awon. Ku rubuta. In takinku DAP ne, mai lamba 18-46-0, giram 2 a kowane rami, wato abin da yatsu uku ke tsunkulowa. In 15-15-15 ne, giram 6, wato cikin marfin kwalbar lemo guda. Hekta ɗaya da anka shuka mita guda tsakanin rami da rami tana da ramu 10,000. Giram 2 sau 10,000 ya ba da giram 20,000, kilo 20 ke nan. Giram 6 sau 10,000 ya ba da kilo 60. Don mi wannan 2, wancan 6? Lambar tsakiya ce ta faɗa. Lambar na nufin kilo nawa cikin kilo 100. Buhu kuwa kilo 50 ne, sai ku raba lambar biyu. Buhun DAP yana da kilo 23 na fosfat. Buhun 15-15-15 yana da kilo 7 da rabi. Ashe buhun DAP guda ya yi daidai da buhu uku na 15-15-15 a wajen fosfat. Buhun 20-10-10, wanda ke shigo mana da yawa daga Najeriya, kilo 5 kawai gare shi, domin an haɗa shi ne saboda masara mai son azot. Supa, mai lamba 18 ko 20 a tsakiya, kilo 9 zuwa 10. TSP, mai 46, kilo 23 kamar DAP amma babu azot.

Wata ƴar magana ga waɗanda sunka yi nisa a lissafi: lambar buhu tana ƙidaya fosfat ne, shi kuwa tsantsar fosfor kashi 44 ne cikin 100 na fosfat. Kilo 23 na fosfat kilo 10 ne na fosfor. In kun ji malamin gona ya ce kilo 4 na fosfor a hekta, kilo 9 na fosfat yake nufi, shi ne kilo 20 na DAP da munka lissafa. Ku riƙa tambayarsa wanne yake nufi, domin ruɗanin nan na sa mutum ya sa rabin abin da anka ce.

Mu kai maganar kasuwa. Farashi yana sauyawa, ya hau ƙwarai a 2008, ya sake hawa a 2021 da 2022, saboda haka misali kawai zan bayar, ku sa farashin garinku. A ce buhun DAP jikka 30 ne, buhun 15-15-15 kuma jikka 20. Wanda bai iya karatu ba zai ɗauki na jikka 20 ya ce ya yi arha. Amma buhun DAP yana isar hekta 2 da rabi, ke nan jikka 12 a hekta. Na 15-15-15 kuwa ana son buhu guda da kilo 10, ke nan jikka 24 a hekta. Wanda ya fi tsada a shago shi ya fi arha a gona. Amfanin 15-15-15 shi ne yana kawo fotas da ƙarin azot, kuma sau da yawa shi ake samu a kasuwa. Ban ce kada a saye shi ba, cewa na yi a san abin da ake biya. Kuma yawancin gonakinmu ba su kai ramu 10,000 a hekta ba. Kowa ya ƙidaya ramu nawa ke cikin layinsa, layi nawa ke cikin gonarsa, ya ninka, sannan ya san kilo nawa zai saya.

Dabarar tana da sharuɗɗanta. Taki gishiri ne, in ya taɓa iri cikin ƙasa mai ƙarancin laima yana ƙone tsiron. Saboda haka a jefa takin, a tura ƴar ƙasa da ƙafa, sannan a jefa iri, ko a sa shi gefen ramin. Masu yin binne kafin ruwa ya sauka, ya fi musu su jira shuka ta fito, bayan kwana goma ko makamancin haka su tona ɗan rami gefen gindi su sa su rufe, ran da ƙasa ke da laima. Aikin yana cin hannu, wannan gaskiya ce, domin bayan mai sungumi da mai iri sai an ƙara mutum na uku, kuma ranar shuka kowa gudu yake yi. Gidan da ba shi da hannu da yawa ya zaɓi gefe guda ya yi shi da kyau, ya fi ya yi duka gonar a gaggauce.

Sharaɗi na biyu ya fi nauyi. Giram 2 na tayar da shuka, shukar da ta tashi da ƙarfi kuma tana cin azot da fotas fiye da abin da anka ba ta, daga ajiyar gonar take ɗiba. In kowace shekara tsunkulen nan kaɗai ake sa ma gona, a kwashe zangarniya, a kwashe kara, ba a mayar da kome ba, wata rana gonar za ta gaji fiye da da. A ganina wannan shi ne abin da ba a cika faɗa ma manoma ba lokacin da ake yabon mikrodoz. Ita mabuɗi ce, tana tafiya tare da takin gida, da ɗan ure a lokacin maimai in ruwa ya zauna, da juya shuka tsakanin hatsi da dangin wake.

Wannan ya kawo mu ga waken soya, wanda da yawanmu munka fi sani cikin awarar da mata ke soyawa a bakin hanya da ƙofar makaranta. Mafi yawan wanda ake awara da shi a garuruwanmu daga Najeriya yake zuwa, inda ake noma shi da yawa a jihohin Binuwai da Kaduna da maƙwabtansu. Yana son wurin da ruwan damina ke kai milimetir 700 ko fiye. Gaya tana samun wajen 800, nan zai iya zama, haka ƙarshen kudu na bakin iyaka a shekara mai kyau. Tawa da arewacin Damagaram ba wurinsa ba ne sai da ban ruwa, kada wani ya ji darasin nan ya zubar da kuɗinsa. Amma abin da waken soya ke koya mana game da fosfor ya shafi wakenmu na gida da gujiya, wadda wasu ke ce ma gyaɗa, domin dangi ɗaya ne.

Ƙwayar waken soya kusan kashi 40 cikin 100 nata abincin gina jiki ne, kusan kashi 20 kuma mai. Gina irin wannan ƙwaya na son azot mai yawa, amma shukar ba ta jiran buhu. In kunka tuge ta za ku ga ƴan ƙululai a jikin saiwa. Cikinsu akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, sunansu rizobiyom. Su ke kamo azot daga iska, domin iskar da muke shaƙa kashi 78 cikin 100 nata azot ne, su juya shi ya zama abincin shuka, ita kuma ta biya su da zaƙin da ganye ya yi. Wannan aiki yana cin ƙarfi ƙwarai, kuma mun ce fosfor ne mai ɗaukar ƙarfi. Ƙululun da bai samu fosfor ba yana tsayawa ƙarami, ba ya aiki. Ke nan wanda ya ba waken soya fosfor ya sayi abu biyu da kuɗi ɗaya, fosfor ɗin da azot na kyauta. Wanda ya ɗura mashi ure kuwa ya yi hasara sau biyu, domin shukar da ta samu azot a sauƙaƙe tana rage ciyar da ƙululanta, ta yi ganye ta bar ƙwaya.

An gwada wannan a gonakin manoma na arewacin Najeriya a 2011 da 2012, cikin wani aiki mai suna N2Africa. An raba kowace gona kashi huɗu. Kashin da ba a sa ma kome ba ya ba da wajen kilo 970 a hekta. Wanda anka sa ma supa, kilo 20 na fosfor a hekta, ya ƙaru da wajen kilo 450. Wanda anka shafa ma irinsa garin rizobiyom kawai, shi ma ya ƙaru da wajen kilo 450. Wanda ya samu duka biyun ya kai wajen kilo 1,750. In mun mayar da shi buhu mai kilo 100, daga buhu kusan 10 an kai 17 da rabi. Wannan matsakaici ne na gonaki masu yawa. Wasu gonakin sun fi haka nesa, wasu kuma ba su motsa ba, saboda makarar shuka, ko ciyawa, ko ƙasar ta rasa wani abu dabam. Shi ya sa gwajin gonarka ya fi labarin gonar wani.

Kilo 20 na fosfor buhu nawa ne? Kilo 20 na fosfor wajen kilo 46 ne na fosfat. TSP buhu 2 ke nan, supa kuwa buhu 5. Supa tana da nauyin ɗauka, amma tana kawo farar wuta da alli, waɗanda gujiya ke so ƙwarai domin cika kwanso, shi ya sa tsofaffin manoman gujiya na Maraɗi da Damagaram sunka san ta tun zamanin da gujiya ke kan gaba a kayan da Nijar ke fitarwa. Waken soya ana shuka shi layi-layi ne, kurkusa, saboda haka ba a bin rami. A ja ƴar kori gefen layin, nisan yatsu uku daga iri, a zuba takin a rufe, ranar shuka. Kada a jira sai ya yi fure, lokacin an makara. Irin dangin wake ya fi na hatsi saurin ƙonewa, kada a gauraya shi da taki cikin ƙwarya ɗaya.

Garin rizobiyom kuwa abu ne mai rai, zafi da rana na kashe shi. A ajiye shi wuri mai sanyi, a duba ranar ƙarewarsa a jikin leda, ga wani amfanin karatu. A jiƙa iri da ɗan ruwan ƙaro ko na sukari, a barbaɗa garin cikin inuwa, a juya, a shuka ranar nan. Cibiyar IITA ta Badun ta fitar da irin waken soya masu suna da ke farawa da TGx, waɗanda ke iya yin ƙululu da rizobiyom ɗin da ke cikin ƙasarmu tun asali, amma su ma garin yana ƙara musu. Ga yadda za ku san ko aikin na tafiya: sa'ad da shuka ta fara fure, ku tono gindi biyu ko uku a hankali, ku tsaga ƙululun da farce. In cikinsa ja ne kamar nama, yana aiki. In fari ne ko kore, zaman banza yake. Ku yi wannan gwaji ga wake da gujiya ma, yara na son shi.

Waken soya mai cin fosfor ne. Kowane tan na ƙwayarsa yana fita gona da kilo 5 zuwa 6 na fosfor, kusan ninki biyu na abin da tan na hatsi ke fita da shi. Ƙwayar ta tafi birni, harawar wake da ta gujiya ma an ɗaure an kai kasuwa. Azot dangin wake na iya maido shi daga iska, fosfor kuwa babu shi cikin iska. Abin da ya fita gona bisa amalanke, sai an maido shi bisa amalanke.

Akwai kuma zancen ƙuduji, kuma abin mamaki ne. Shukar da ke jin yunwar fosfor tana fitar da wani ruwa daga saiwarta, tana kiran wata irin funfuna mai siririn zare da ke zaune cikin ƙasa, wadda ke shiga saiwa ta miƙa zarenta nesa ta jawo mata fosfor. To, irin ƙuduji da ke kwance cikin ƙasa shi ma wannan kira yake jira kafin ya tsiro. Gwargwadon yunwar hatsi, gwargwadon ƙarfin kiran, gwargwadon yawan ƙuduji. Abin da tsofaffi ke faɗi cewa ƙuduji alamar gajiyar gona ce, ga dalilinsa. Wasu irin waken soya kuma suna yaudarar irin ƙudujin hatsi da dawa, ya tsiro, ya rasa abin kamawa, ya mutu. Shi wakenmu na gida yana da nasa ƙudujin dabam.

Daga ina fosfor ɗin buhu ke fitowa? Daga dutse. Wani Bajamushe mai suna Hennig Brand ne ya fara ware shi a 1669, yana dafa fitsari da nufin samun zinariya. A 1842 wani Bature na Ingila, John Lawes, ya yi rajistar dabarar zuba ma ƙashi da dutsen fosfat ruwa mai tsananin tsami domin ya narke, ita ce asalin supa. Yau Maroko ce ke da wajen kashi 70 cikin 100 na ajiyar dutsen da anka sani a duniya, Togo da Senegal ma na haƙa su sayar. Mu ma muna da namu. A ƙasar Tawa ana samunsa dunƙule-dunƙule cikin laka, fosfat ɗin da ke cikinsa ya kai wajen rubu'in nauyinsa, kuma an niƙa shi an raba ma manoma a shekarun 1970 da 1980. A dajin W na kudu maso yamma akwai wanda ya fi shi yawa, sai dai ya fi taurin narkewa. Manoma ba su rungumi garin Tawa ba, kuma suna da hujja. Ƙura ne, iska na ɗauke shi daga hannu, ba ya narkewa cikin ruwa, sai ƙasa mai ɗan tsami da laima ta ci shi sannu a hankali, amfaninsa ya fi fitowa a shekara ta biyu da ta uku. Mutumin da ke lissafin abincin bana ba ya iya jira. Inda anka same shi, wurinsa shi ne ramin takin gida, a barbaɗa shi hawa-hawa tsakanin kashin dabbobi da shara, ruɓewar ta taimaka mashi. Dangin wake kuma sun fi hatsi iya cin sa, domin saiwarsu na tsamama ƙasar da ke kewaye da ita.

Wanda ba shi da kuɗin buhu bana, kada ya ce darasin ba nasa ba ne. Kashin awaki da tumaki da shanu yana da fosfor, na kaji ya fi su, toka ma tana da shi tare da fotas. Kaɗan ne cikin kowane kwando, shi ya sa dokar wuri ɗaya ta shafe shi: cikin hannu guda ko biyu a rami ya fi amalanke guda da anka watsar rana ta gasa. Masu tassa na ƙasar Tawa haka suke yi. Karan hatsi da anka bari kwance a gona yana tare ƙurar hunturu, ita kuma ƙurar tana ɗauke da ɗan abincin ƙasa, gara kuma ta ci karan ta buɗe ƙasa. Gawo yana jawo abinci daga ƙarƙashi ya zubo shi da ganyensa a farkon damina, dabbobi kuma su sha inuwarsa da rani su bar taki. A jihar Maraɗi, matan ƙungiyar FUMA Gaskiya tare da INRAN sun gwada fitsarin da anka tara anka rufe cikin jarka wata biyu ko uku, sunka sa mashi suna Oga. Tsakanin 2014 da 2016 gonakin da sunka samu shi sun fi sauran da wajen kashi 30 cikin 100. Mafi yawan abin da ke cikinsa azot ne, fosfor kaɗan, saboda haka abokin takin gida ne.

A taron Abuja na 2006 shugabannin Afirka sun ce za a kai kilo 50 na abincin shuka a kowace hekta kafin 2015, daga wajen kilo 8 da ake sawa a lokacin. Ba a kai ba, kuma Nijar na cikin na baya ƙwarai. Manomi ba zai jira taro ba. Ga abin da nake roƙon kowace cibiya ta yi da damina mai zuwa. Ku zaɓi layi 20 a gona guda, ƙasa iri ɗaya, iri ɗaya, ranar shuka ɗaya. Layi 5 babu kome, layi 5 tsunkulen taki, layi 5 takin gida a rami, layi 5 duka biyun. Ku kafa sanda ku rubuta a jikin kowane kashi. Da kaka ku yanke kowanne dabam, ku sussuke, ku auna da tiya, ku rubuta cikin littafin cibiya tare da kuɗin da anka kashe.

Ga kuma aikin gida na wannan mako. Wata mata tana da gayauna mai layi 40, kowane layi ramu 60. Giram nawa na DAP take bukata, kilo nawa ke nan? In 15-15-15 ta samu a kasuwa, kilo nawa za ta saya? Ku kai ma malamin cibiyarku amsa, za mu warware lissafin tare a farkon shiri na gaba. Allah ya kai mu.